Andrew Foster: kurman da ya buɗe wa kuramen Afirka makarantu fiye da 30

Yau labarin wani malami za mu ɗauko, kuma da sanƙarau labarin ya fara. Mu mutanen Kebbi ba sai an yi mana bayanin wanga ciwo ba. Kun tuna 2017, lokacin da ya ratsa Zamfara, Sakkwato, Katsina da jiharmu. Ana ƙirga waɗanda suka rasu, amma yaran da suka tashi daga jinya babu ji, wa ya bi sawunsu?

Irin wannan yaron ne Andrew Foster. An haife shi a 1925 a jihar Alabama ta Amurka, sanƙarau ya kurmantar da shi yana shekara 11. Ga kurumta, ga baƙar fata a zamanin wariya, har makarantar kurame ma tasu daban ce da ta Turawa. Ya koma Detroit yana aikin masana'anta yana haɗawa da karatu, har ya samu shiga Gallaudet, babbar makarantar kurame da ke Washington. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya kammala digiri a can.

Ɗan mishan ne, wa'azi na cikin abin da ya kawo shi Afirka, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ƙungiyoyin mishan sun ƙi ɗaukarsa, sai ya kafa tasa a 1956. A 1957 ya fara koyar da kurame a Akara cikin ajin aro, a 1960 ya buɗe makaranta a Ibadan. Kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda, a Disambar 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13, har da maƙwabtanmu Benin, Chadi da Kamaru. Abin da ya fi burge ni shi ne kurame ya riƙa horarwa su zama malamai, su ma su je su buɗe ajinsu. Matarsa Berta, Bajamushiya kuma kurma, ta ci gaba da aikin bayansa.

To amma fa akwai wata magana. Yaren hannun Amurka Foster ya zo da shi, kuma shi ya zama harshen makarantun kurame a Najeriya. Alhali ƙasar Hausa ba shiru ya tarar da ita ba. Muna da maganar hannu tun kaka da kakanni. Je ka kasuwar Argungu ko ta Augie ka tsaya kusa da kurma yana ciniki: zai taya, a yi masa albarka, ya ƙara, a sallama, duk da hannu, mai kayan kuwa bai taɓa shiga ajin kurame ba. Wata masaniyar harshe daga Jamus, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta fitar da littafi guda a kan wannan harshe a 2000. Harshe ne cikakke, da ƙa'idojinsa.

Yanzu ka duba abin da ke faruwa. Yaron da ya yi sa'ar shiga makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, wadda aka buɗe a 1977, yakan koyi alamomin da uwarsa a gida ba ta sani ba. Wanda bai shiga ba kuwa yana hira da kowa a unguwa, amma ko sunansa bai iya rubutawa. Ni dai ban ɗora wa Foster laifin wannan ba, da abin da ke hannunsa ya yi aiki. Mu ne aka bar wa shekara kusan 40 mu gyara.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ƙwararren ma'aikaci ɗaya saboda irin waɗannan yara, kuma maganar hannu ta shiga manhaja. Wanda ke Augie, Argungu ko Birnin Kebbi, don Allah ya leƙa firamaren unguwarsu ya tambayi hedimasta ko akwai wanga malami, ya rubuto mana abin da aka ce masa.