Ja da Kore: Tarihin Rigar Dogaran Sarkin Sudan

Yaran unguwarmu sun fi sanin dogari da ranar Sallah: mutum ne mai zabgegiyar riga ja da kore, da naɗin rawani, da bulala a hannu, yana daka tsawa a ba sarki hanya. Amma kakanninmu da suka baro Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato suka yada zango a Kontagora, wani sani suka yi masa daban. A wurinsu wannan riga ita ce hukuma. In ta tsaya a ƙofar zaure, to ko dai haraji ne, ko sammaci, ko saƙon fada, kuma ba a cewa mai ita ya dawo gobe. Tarihin yadda rigar ta sami wannan nauyi, da yadda aka yi ta rage mata shi, ya kamata a ce mun riƙe, domin yanzu ƙimarta ta dawo hannunmu mu talakawa.

Bari mu faro daga tushe. Kayan askarawan sarki a ƙasar Hausa sun girmi Kontagora nesa ba kusa ba. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa don kibiya ta kasa ratsawa. Sulke kuwa zobban ƙarfe ne ƙanana da aka sarƙa. Bayansa Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya kawo kakaki da figini da dawakin zage, kuma a zamaninsa ne fitar sarki zuwa sallar idi ta zama babban taro mai tsari. Tun daga lokacin, fitar sarki zuwa salla ta zama ranar da kowane rukuni na fada ke bayyana da kayansa: 'yan lifida, 'yan sulke, 'yan baka, zagage, daga baya kuma 'yan bindiga. Dogarai su ne na jikin sarki, su ke gaba, su ke gefe, su ke baya.

Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo a 1804, an yi wa irin wannan ado kallon tuhuma. Shehu ya soki al'adun sarakunan Haɓe a littafinsa Kitabul Farƙi. Ƙanensa Malam Abdullahi ma har ya bar rundunar ya nufi gabas ya tsaya a Kano, saboda takaicin yadda ya ga mutane sun fara karkata ga dawaki da tufafin alfarma. Sai dai mulki ba ya yiwuwa ba tare da wanda za a aika ba. A Kano, Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya maido da muƙaman bayin sarki da aka yi watsi da su. Haka dogari ya koma bakin aikinsa a ƙarƙashin tutar Sakkwato, yana kama wanda alƙali ya ce a kama, yana zartar da hukunci, yana raka sarki masallaci.

Wannan tsari Umaru Nagwamatse ya taho da shi kudu. Shi ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu. A 1859 aka ba shi sarautar Sarkin Sudan, a 1864 ya kafa Kontagora, ya rasu a 1876. Ɗansa Modibbo ya gaje shi, sannan Ibrahim ya hau a 1880. Masarautar a kan doki aka gina ta, kuma gaskiya ɗaya ce: Kambari da Gwari da Dakarkari da sauran maƙwabta sun sha hare-haren kamun bayi a wancan zamani. Saboda haka rigar da kakanninmu fatake suke gani su ji kayansu sun tsira, wani in ya hango ta daga kan dutse gudu yake yi. Yau da jikokin waɗancan mutane muke cin kasuwa ɗaya, muna auratayya, wasu kuma sahu ɗaya muke tsayawa a idi. In za mu ba 'ya'yanmu labarin rigar, mu haɗa da wannan ɓangaren.

To me ya sa ja? Jan mulufi kaya ne mai tsada da raƙuma ke ratso hamada da shi daga Tarabulus da Gadamus. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa jan yadi da alkyabbu da takubban garin Solingen cikin hajar da ke shigowa kasuwar daga arewa. Talaka ba ya iya tufatar da bawansa da irin wannan yadi, sarki ne ke iyawa. Ga shi kuma ja ba ya ɓuya, ko a cikin ƙurar dawaki dubu sai an hango shi. Wasu dattawa kan ce ja na nuna hukunci da shirin ba da jini, kore kuma na nuna addini da zaman lafiya. Ko ma dai yaya ne, launukan biyu sun bi daular har iyakarta, suka ma wuce: a fadar Kano da ta Katsina haka ne, a Damagaram ta Nijar ma haka ne.

Ƙa'idojin sa wannan kaya a baki ake gadonsu, kuma Sarkin Dogarai ne mai tsare su. Na farko, rigar ta sarki ce. Shi ke tufatarwa, musamman gabanin Sallah, kuma wanda aka sallama daga aiki ba shi da ikon ci gaba da yawo da ita. Na biyu, naɗin dogari daban yake da na 'ya'yan sarki. Rawani mai kunne biyu na jinin sarauta ne, dogari komai daɗewarsa a fada ba ya fitar da kunne. Na uku, takobi a kafaɗa ake rataya shi da hamila, kamar yadda aka gada daga magabata masu koyi da sunna, ba a ɗaura shi a ƙugu irin na sojan Turawa. Na huɗu, faɗin rigar yana da aiki. In sarki zai hau doki ko zai sauka, ko zai zauna, ko zai gyara rawani, sai dogarai su ware hannayen rigunansu su yi masa labule, kada idon jama'a ya gan shi a halin da bai kamata ba. Wanda ya ɗinka wa dogari matsattsiyar riga ya hana shi rabin aikinsa.

Akwai kuma na baki. Sarki ba ya ɗaga murya, amawali ya rufe masa baki, don haka dogari ne muryarsa. Shi ke cewa hattara in akwai tudu ko rami a gaba, shi ke amsa wa mai gaisuwa da cewa sarki ya gaishe shi. Mutumin da ke magana da yawun sarki kuwa ba zai yiwu a gan shi da rigar a wurin caca ko rigimar bashi ba, domin abin da ya yi a cikinta sunan sarki zai shafa.

A watan Janairu na 1901 sojojin Gwamna Lugga suka ci Kontagora, shekara biyu kafin Kano da Sakkwato su faɗi. Sarki Ibrahim ya fice, daga baya aka kama shi, sannan a 1903 Turawa suka maido shi kan gadonsa, ya zauna har 1929. Turawan ba su da yawan da za su tsare ƙasa mai faɗin Arewa, sai suka jingina da sarakuna, dogarai suka zama 'yan sandan En'e. A wannan zamani ne da yawa cikin kakanninmu suka zo, wasu da jakunan fatauci a kan hanyar Yawuri zuwa Jaba, wasu da allo, wasu da wuƙar fawa ko almakashin ɗinki. Baƙo in ya sauka, mai unguwa ne zai kai shi gaba, dogari kuma shi zai zo karɓar haraji, shi zai bi Fulani rugga don jangali. An samu masu amana a cikinsu, an kuma samu waɗanda sai an ba su kaza kafin su tashi daga zaure. Dattawanmu sun ba da labarin duka biyun.

Daga shekarun 1920 aka fara zare wa rigar ƙarfinta. Turawa suka ga babbar riga ba ta dace da fareti da bin ɓarawo a guje ba, sai aka kafa 'yan gadi da 'yan doka a manyan masarautu, aka ɗinka musu kaya irin na soja, da gajeren wando da ɗamara. Aikin kamu ya koma hannunsu a hankali, dogarai suka rage a fada. Zamanin Janar Gowon, a ƙarshen shekarun 1960, gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja, gyaran ƙananan hukumomi ya raba sarakuna da sauran ikon zartarwa. Marigayi Sarkin Sudan Alhaji Sa'idu Namaska, wanda ya hau a 1974 ya rasu a 2021, kusan duk mulkinsa na shekara 47 ya yi shi ne da dogaran da ba su da ikon tsare kowa. Zamani riga ne, in ji masu magana, kuma babu wanda ya ga haka kamar dogari.

Shi ya sa yanzu in muka je filin idi muke ganin kaya kala uku. Ga ɗan sanda da bindigarsa, shi doka ta ɗaure wa gindi. Ga 'yan agaji na Jama'atu da Fityanu da Izala da kakinsu, suna gyara sahu, su ƙungiya ce ta tsaya musu. Ga dogari, wanda ba ya da komai sai rigar da kuma kunyar da jama'a ke ji mata. Duk da haka shi ne ke manne da sarki. Ranar 19 ga Janairu, 2013, da 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta, sarki ya tsira, amma direbansa da wasu masu tsaron jikinsa sun rasa rayukansu. Mutanen da suka saba ware riga don kare sarki daga ido, ranar da jikinsu suka kare shi.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan gado ba. A birnin Rum, masu gadin Fafaroma 'yan ƙasar Suwizalan ne tun 1506. Kayansu shuɗi ne da ja da rawaya, kuma tsarin ɗinkin da suke sawa yanzu tun 1914 yake. Kowace shekara sababbin shiga kan yi rantsuwa don tunawa da 'yan uwansu 147 da aka kashe suna kare Fafaroma ranar 6 ga Mayu, 1527. Abin lura a nan shi ne sun rubuta ƙa'idar kayansu, kuma ba wanda zai ara ya sa don zuwa biki. A namu ɓangaren, duniya ta fara waiwayo, domin a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da ya kamata a adana. Baƙi za su zo su ɗauki hoto, amma su ba su san bambancin naɗin dogari da na ɗan sarki ba. Mu ne muka sani, mu ma ɗin sanin yana ta raguwa.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Yanzu sai ka je ɗaurin aure ko kamu ka ga samari sanye da ja da kore suna yi wa ango hattara, alhali ko ƙofar fada ba su taɓa tsayawa ba. Ɗan siyasa ma in ya samu sarautar girmamawa, gobe sai ka gan shi da nasa masu jar riga. Telolin unguwarmu ne ke ɗinka wasu daga cikin waɗannan riguna, 'ya'yanmu ne ke sawa don a ba su na goro. Ba mu ce haramun ba ne, neman abinci ne, kuma mun san halin da ake ciki. Amma a lura: da can bulala da gidan yari ne ke tsare mutuncin rigar, yau kuwa babu abin da ke tsare shi sai ganin cewa ba kowa ke sa ta ba. Ranar da ta zama kayan haya, dogarin gaske zai daka tsawa a filin idi yaro ya yi masa dariya, kuma a taron dubban mutane da dawaki wannan ba ƙaramin hatsari ba ne.

Saboda haka muna da roƙo guda uku. Telolinmu, in an kawo muku ɗinkin masu raka ango, ga shuɗi ga ruwan ƙasa ga fari, ku bar wa fada ja da korenta. Malaman makarantunmu da ɗalibanmu da ke kwalejojin garin nan, ku nemi izini ku zauna da tsofaffin dogarai, ku rubuta yadda ake naɗin, da sunayen muƙamansu, da wanda ke tsayawa dama da wanda ke tsayawa hagu, tun suna raye. Mu kuma iyaye, in Mai Martaba Sarkin Sudan Alhaji Muhammadu Barau Mu'azu ya fito Sallah mai zuwa, kada mu bar yara da kallon dawaki kawai. Mu nuna musu mai jar rigar, mu gaya musu cewa kakansu na farko da ya sauka a garin nan sai da ya bi ta hannun irinsa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na fada da na zango, ya zaunar da Kontagora lafiya.