Ɓatan Mungo Park a Busa: Waiwaye Kan Cigiyar Shekara Hamsin

Da wuya a sami wanda ya yi makarantar firamare a ƙasar nan bai ji sunan Mungo Park ba, kuma masu karatun Hausa sun san littafin marigayi Alhaji Nuhu Bamalli mai suna *Mungo Park Mabuɗin Kwara*. An sha muhawara a kan ko ya dace a ce baƙo ya "gano" kogin da Sarkawa da Gungawa da Nufawa suka gaji su a cikinsa tun kaka da kakanni. Wannan maƙala ba za ta sake tayar da wannan ƙura ba. Abin da ta sa gaba shi ne cigiyar da aka yi bayan mutumin ya ɓace a farkon shekarar 1806: su wa aka aika, me suka tambaya, wa ya ba su amsa, kuma me ya sa har yau ba a ga gawarsa ko kundin tafiyarsa na ƙarshe ba.

Yadda aka rabu da shi

Park likita ne ɗan ƙasar Sikotilan, an haife shi a 1771. A tafiyarsa ta farko ya iso bakin Kwara a Segu cikin Yulin 1796, ya ga ruwan gabas yake gangarawa. A 1805 gwamnatin Ingila ta sake turo shi domin ya bi kogin har inda ya ƙare. Ya taso daga Gambiya da Turawa fiye da 40, mafi yawansu sojoji, sai damina ta rutsa da su a hanya. Zazzaɓi da atuni suka yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana 11 kaɗai suka ga kogin a Bamako cikin watan Agusta. A Sansandin aka haɗa kwale-kwale biyu aka yi jirgi mai tsawon ƙafa 40, aka raɗa masa suna Joliba. Lokacin da za a tashi, Turawa biyar suka rage: shi Park, da Laftanar Martyn, da sojoji uku, ɗaya daga cikinsu ma hankalinsa ya taɓu. Tare da su akwai bayi uku da wani jagora mai jin harsuna da yawa, Amadi Fatuma.

Ranar 19 ga Nuwamba, 1805, Park ya rubuta wa matarsa wasiƙa yana shaida mata ba su da niyyar sauka ko'ina sai sun kai bakin teku, abin da yake sa ran zai kasance wajen ƙarshen Janairu. Ya danƙa wasiƙun da kundinsa na farko ga tsohon jagoransa, wani malami ɗan kasuwa da Turawa suka rubuta sunansa Isaaco, domin ya kai Gambiya. Daga wannan rana ba a sake samun ko layi ɗaya daga hannunsa ba.

A nan matsalar farko ta masu cigiya take. Wanda ya ɓata a hanyar Kano zuwa Zariya an san inda za a bi a tambaya. Shi kuwa Park ya shiga kogin da mutanen Turai ba su san inda ya nufa ba. Shi kansa yana ganin Kwara da Kogin Kwango abu ɗaya ne. Wasu masana na cewa yana haɗuwa da Nilu. Wasu na cewa yana ƙarewa ne a wata fadama a tsakiyar ƙasa. Saboda haka babu ma tashar da za a je a jira shi.

Aiken Isaaco

Tun a 1806 fatake suka fara kawo jita-jitar mutuwarsa zuwa bakin teku. Amma sai a Janairun 1810, bayan shekara huɗu, Gwamna Maxwell na Senegal, wadda a lokacin take hannun Ingila, ya tashi Isaaco ya koma ya bincika. A ganina wannan jinkiri shi ne babban giɓin da aka bari. Ingila tana fama da yaƙin Napoleon, an kuma riga an yi asarar sojoji kusan arba'in, don haka ba wanda ya yi ɗokin aika wasu. Cikin shekara huɗun nan kayan jirgi sun watsu a hannaye, labari kuma ya bi bakuna ya sami ƙari da ragi.

Isaaco ya yi sa'a, domin ya tarar da Amadi Fatuma da ransa a kusa da Sansandin. Abin da Amadi ya faɗa shi ne ginshiƙin duk abin da aka rubuta daga baya. Ya ce sun wuce mashigar Tambutu suna faɗa da jiragen da suka tare su, sun kashe mutane da dama, har suka iso ƙasar Yawuri, inda yarjejeniyarsa da Park ta ƙare, ya sauka. Ya ce Park ya ba wani hakimi gaisuwar da zai kai wa Sarkin Yawuri. Hakimin ya tambaya ko Turawan za su dawo, da ya ji ba za su dawo ba sai ya danne kayan, ya aika wa Sarki cewa baƙin sun wuce ba su ba da komai ba. Sarki ya fusata, ya sa aka ɗaure Amadi da mari, ya tura mayaƙa suka tare jirgin a Busa, a wani wuri da dutse ya gitta kogin ya bar wata kafa kamar ƙofa. Da harbi ya yi tsanani, sai Turawan suka faɗa ruwa suka nutse. Bawa ɗaya ne ya tsira. Isaaco ya aika wani Bafulatani Yawuri, ya samo ɗamarar takobin Park, wadda aka ce Sarki ya mayar majanyin sirdi. Ya komo Senegal a Satumban 1811, aka fassara rahotonsa daga Larabci, aka buga shi a Landan a 1815.

Ya kamata mai karatu ya dubi wannan shaida da idon basira. Da fari dai, Amadi bai ga abin da ya faru ba. Da bakinsa ya ce yana ɗaure har wata uku, sai bayan an sake shi ya ji labarin daga bawan da ya tsira. Ashe abin da ya isa Landan an ce ne a kan an ce: bawa ya gaya wa Amadi, Amadi ya gaya wa Isaaco, tafinta ya juya. Na biyu, Amadi mutum ne mai buƙatar wanke kansa, tunda shi ne jagoran da ya rabu da baƙinsa ana gab da hatsari; labarin hakimi maci amana da ɗaurin wata uku ya yi masa daidai, kamar an gwada. Na uku, Busa ƙasar Bargu ce mai sarkinta, ba ta ƙarƙashin Yawuri, don haka batun cewa rundunar Yawuri ta je ta yi kwanto a ƙofar wani sarki yana buƙatar ƙarin bayani. Na huɗu, dutsen nan mai ƙofa, waɗanda suka je Busa daga baya ba su ga mai kama da shi ba. Abin da suka gani duwatsu ne da tsibirai da suka raba ruwan rassa-rassa. Duk da haka, Amadi ya ba masu cigiya abin da ba su da shi a da, wato sunayen wurare biyu, Yawuri da Busa, kuma babu wata shaida da ta zo daga baya ta ƙaryata su.

Abin mamaki, tabbacin waɗannan sunaye ya ɓullo ne ta hanyar fataucin goro. A 1817 wani jakadan Ingila, Bowdich, ya sami wata takarda ta Larabci a hannun Musulmin da ke zaune a Kumasi, tana ba da labarin jirgin Nasara da ya wuce Yawuri ya daki dutse a Busa. Hanyar Gwanja ta Bargu take bi, ayari kuwa ba goro kaɗai yake ɗauka ba, har da labari.

Masu tambaya da masu amsa

Baturen farko da ya yi tambaya a ƙasar Hausa shi ne Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi. A 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, ya ji cewa akwai littattafan mamatan a Yawuri, amma ba a yarje masa ya je can ba. A tafiyarsa ta biyu ya biyo ta Badagiri ya iso Busa a 1826, shekara 20 cif bayan abin ya faru. Sarkin Busa ya ce shi yaro ne a lokacin, kuma ba abin da ya rage a hannunsa. Clapperton ya lura duk sanda ya tayar da zancen sai jikin mutane ya yi sanyi. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ɗan'uwan mamaci ya zo da bindiga yana tambayar wanda ya yi kisa, wa zai ce ga ni? Sarkin Yawuri ya aiko masa cewa in ya zo da kansa zai ba shi littattafan, amma Clapperton ya zarce Kano da Sakkwato, inda ya rasu a Afrilun 1827.

Baransa Richard Lander ne ya ji wata ruwaya dabam: wai mutanen Busa sun ɗauka jirgin na mayaƙan Fulani ne, shi ya sa suka yi harbi, kuma wai bayan haka annoba ta faɗa wa garin, aka danganta ta da alhakin baƙin. Wannan ruwaya ta dace da zamanin. Jihadin Shehu Usmanu ya soma a 1804, Birnin Kabi ya faɗi a 1805, duk ƙasashen bakin kogi a tsorace suke. Jirgin da ya ƙi tsayawa, ya ƙi gaisuwa, ya amsa kira da harsashi, a irin wannan lokaci ba ya buƙatar makircin wani hakimi kafin a far masa. Gordon Laing, wanda aka kashe kusa da Tambutu a 1826, ya koka a wasiƙarsa cewa halin da Park ya nuna ya jawo wa matafiyan bayansa baƙin jini. Barth, wato Abdulkarim, ya tarar da tsofaffin Abzinawa a 1854 ba su manta da jirgin mai harbi ba.

Mutum ɗaya ne za a ce ya fito neman Park don Park. Ɗansa Thomas, wanda ya yi imani mahaifinsa yana tsare a wani wuri, ya sauka Ankara ta ƙasar Ghana ta yau a 1827, ya nausa cikin ƙasa, bai yi nisa ba ajali ya cim masa. Mahaifiyarsa ta rayu har 1840, an kuma ce ba ta taɓa fid da rai ba. Sauran duk kogin suka zo nema, tambayar Park ƙari ce a kan aikinsu, kuma ko a tambayar ma kundinsa suka fi damuwa da shi, domin a cikinsa ne ake sa ran samun bayanin tafiyar fiye da mil 1,000 daga Sansandin zuwa Busa.

A Yunin 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka iso Busa. Wannan karon an saki jiki da su, har aka fito musu da wani littafi da wani mutum ya tsinta a ruwa ya adana. Suka buɗe da rawar jiki, sai suka tarar littafin jadawalin lissafi ne na matuƙan jirgin ruwa, da 'yan takardu a ciki, har da ta gayyatar cin abinci mai ɗauke da sunan Park. Daga nan suka haura Birnin Yawuri saboda alkawarin da aka yi wa Clapperton. Sarki ya riƙe su kimanin mako biyar, yau da gobe, daga ƙarshe ya ce ba shi da wasu takardu. Abin da suka samu shi ne bindiga mai baki biyu da aka ce ta Park ce, suka yi musayarta da tasu. A nan fassara biyu ce ke gaban mai nazari: ko dai Sarki ya yi amfani da zancen littattafan ne don ya jawo baƙi masu tsaraba zuwa fadarsa, ko kuwa takardun sun taɓa kasancewa a can suka salwanta, ya ga faɗin hakan zai jawo masa zargi. Ni na fi karkata ga ta farko, domin tun 1824 ake jin labarin littattafan a nesa, in an matso kusa kuma sai su zama ƙawalwalniya.

'Yan'uwan biyu suka gangara kogin har suka fita teku ta reshen Nun a Nuwamban 1830, suka warware tambayar da ta ci ran Park. A hanya, kusa da ƙasar Ibo, aka yi musu fashi, bindigar nan ma ta tafi. Da aka san inda Kwara ya ƙare, sai darajar kundin ta faɗi a idon gwamnati, ba a kuma sake tashin wani musamman don nemansa ba. Littafin lissafin ne kawai ya koma gida: Laftanar Glover, wanda jirginsu Dayspring ya fashe kusa da Jabba a 1857, wanda kuma daga baya ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, shi ya karɓo shi, aka ajiye a Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Landan.

Akwai wani shaida da duk masu cigiyar nan ba su kai gare shi ba, wato bawan da ya tsira. Shi kaɗai ne yake cikin jirgin ya kuma rayu, amma rahoton Amadi bai ko ambaci sunansa ba, balle na 'yan'uwansa biyu da suka halaka. Haka nan ba wanda ya zauna ya tattara abin da masunta da matan Busa suka gani daga gaɓa tun suna raye, sai ɗan abin da baƙi suka tsinta a bakin tafinta. An gina wa Park da Lander hasumiyar tunawa a Jabba, nesa da inda abin ya faru. Ita kuwa tsohuwar Busa, da duwatsun da jirgin ya maƙale a kansu, ruwa ya shanye su tun 1968 da aka kammala madatsar Kainji, aka kwashe mutanen garin zuwa Sabuwar Busa.