Kunnen da Aka Liƙa wa Katako: Yadda Aka Ɗaga Muryar Jita

Jita, a asalinta, abar kaɗawa ce ta cikin ɗaki. Tsirkiyarta ba ta iya motsa iskar kirki ita kaɗai. Aikinta shi ne ta miƙa girgizarta ga ɗan jakin da take ɗore a kai, jakin ya miƙa wa siririn allon fuskar jitar, allon kuma ya kaɗa iskar da ke ciki da wajen akwatin. Abin da kunne ke ji a matsayin muryar jita, mafi yawansa muryar katakon ce. Wannan murya ta wadatar muddin masu sauraro ba su wuce cikin zaure ba. Amma a Amurkar shekarun 1920, lokacin da gidajen rawa suka cika da ƙungiyoyin makaɗan jaz masu ƙahonnin tagulla da manyan ganguna, mai jita ya zama kamar mai raɗa a tsakiyar kasuwa. Shi ya sa banjo, wadda aka rufe da fata kuma take da kaifin amo, ta daɗe tana riƙe da gurbin.

Maƙera sun fara neman mafita ba tare da lantarki ba. Kamfanin Martin ya faɗaɗa cikin akwatin, a 1927 kuma kamfanin National ya fito da jitar da John Dopyera ya sanya wa mazurarai uku na alminiyam, masu aiki irin na lasifika. An sami ƙari, sai dai bai kai ya yi gogayya da ƙaho ba. Ajiye makirufo a gaban jitar ma yana da nasa cikas. Makirufo iska yake saurare, iska kuwa ba ta ware na wani: yakan kwashi ganga da tafi da tarin 'yan kallo, kuma dole makaɗi ya ƙame wuri guda kamar gunki. Idan aka ƙara masa ƙarfi, sai ya jiyo abin da lasifika ta fitar, ya mayar mata, ita ma ta ninka ta dawo masa da shi, har a sami wannan ƙugi mai huda kunne da duk wanda ya taɓa zama a taron biki ko na siyasa ya sani.

Saboda haka sai tunani ya koma ga ƙetare iskar baki ɗaya. Hanyoyi biyu ne a gaba: ko a saurari tsirkiyar, ko a saurari katakon. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, ta katakon aka fara bi. A 1928 kamfanin Stromberg-Voisinet na Chicago ya tallata kayan kiɗan da aka sa wa na'ura a ciki, wadda wani ɗan sandan ƙarfe ke kai mata girgizar allon. Sautin ya fito da rauni, karayar tattalin arzikin 1929 kuma ta biyo baya, maganar ta mutu. A daidai wannan zamani wani yaro a jihar Wisconsin, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Les Paul, ya cire allurar garmaho ya soka ta a fuskar jitarsa, ya jona da rediyo, kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari. An ji shi, amma ƙugi ya hana shi sakat.

Hanyar tsirkiya ce ta yi nasara. George Beauchamp ya naɗe siririyar waya a kusa da maganaɗisu, ta yadda motsin tsirkiyar ƙarfe zai haifar da 'yar wutar lantarki a cikin wayar, kuma a 1932 aka fara sayar da jitarsa da ake wa laƙabi da kaskon suya. Gibson ya biyo da ES-150 a 1936, Charlie Christian ya shiga da ita ƙungiyar Benny Goodman a 1939, mai jita ya sami bakin magana daidai da mai busa. To amma a nan akwai abin lura. Maganaɗisu bai damu da katako ba. Da aka gane cewa akwatin ne ma tushen ƙugi, sai aka zubar da shi: Fender a 1950 da Gibson a 1952 suka fito da jita ta dunƙulallen katako marar rami. An haifi sabon abin kiɗa mai ban mamaki, amma tambayar farko tana nan inda aka bar ta. Ga kuma wani giɓi: maganaɗisu ƙarfe kawai yake ji. Tsirkiyar hanji ko ta nailon ba ta wanzu a wurinsa, kamar yadda ba zai taɓa jin izgar dokin da ke kan goge ba.

Maganin ya fito daga ɗakin binciken da ba ruwansa da kiɗa. A 1880, a birnin Faris, 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli, irin su kwaz, idan aka matsa su sai caji ya bayyana a fuskokinsu. Daga kalmar Girkanci mai nufin matsawa aka samo sunan fiyezo. Mai karatu ya riga ya san wannan dabara a hannunsa: ƙyas ɗin da laita ke yi ta ba da tartsatsi ba tare da batir ba, ɗan guduma ne ke dukan irin wannan abu. Paul Langevin ya yi amfani da kwaz a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya wajen neman jiragen ƙarƙashin teku, daga baya kuma aka riƙa sa gishirin Rochelle a kawunan garmaho da makirufo masu araha, duk da cewa zafi da laima suna lalata shi. Sai a shekarun 1950 masu bincike a Japan da Amurka suka samar da wani tangaran na dalma da zikoniyam da titaniyam, mai juriya, wanda za a iya yankawa siriri kamar ɓawon albasa. Da shi makirufon liƙe ya zama abin dogaro: ɗan faifai ne da ake mannawa a jikin abu, ya lanƙwasa tare da shi, ya mai da lanƙwasar ta zama lantarki.

Masu kiɗan gwaji sun yi saurin kama shi. John Cage ya rubuta Cartridge Music a 1960 don kawunan garmaho da makirufon liƙe. Amma waɗanda suka kai shi kasuwa su ne Les Barcus, masanin lantarki, da John Berry, makaɗin gogen Turawa, waɗanda suka haɗa kai a Kalifoniya a farkon shekarun 1960. Lokacin ya dace, domin waƙoƙin gargajiyar Amurka sun farfaɗo, kuma mawaƙi mai jitar katako ya fara tsintar kansa a gaban dubban mutane.

Sai dai wanda ya liƙa kunnensa a jikin ƙofa ba ya jin abin da na tsakar ɗaki ke ji. Allon jita ba ya girgiza bai ɗaya; wani sashe na hawa yayin da wani ke sauka, kuma iskar da ke tsakanin jita da mai sauraro ce ke gauraya su su zama murya guda. Faifan da aka manna a wuri ɗaya labarin wannan wurin kaɗai yake bayarwa, har matsar da shi da faɗin yatsa kan sauya sautin sarai. Yana kuma jin abin da ba a so: gogar hannun riga, ƙwanƙwasar maɓalli, jan waya. Ƙugi ma bai tafi ba, domin lasifika na kaɗa allon kamar fatar ganga, musamman wajen girgiza 100 a daƙiƙa, inda iskar cikin akwatin ke amsawa. Daga nan aka sami al'adar toshe ramin jita da murfin roba, wato a kashe wani ɓangare na muryar don a tsira da sauran. Ga kuma matsalar lantarki: fiyezo yana buƙatar mashiga mai turjiyar da ta kai om miliyan 1 ko fiye, in ba haka ba kaurin sautin ya zube, a bar makaɗi da amo siriri kamar na gwangwani. Abin da ya sa ake haɗa shi da ɗan akwatin ƙarfafa sigina ke nan.

Wanda ya sauya akalar lamarin maƙerin jirage masu saukar ungulu ne. Charles Kaman, injiniya a Connecticut kuma makaɗin jita, ya sa ma'aikatansa suka ƙera jitar Ovation mai zagayayyen baya na roba mai zaren gilashi, ta fito a 1966. Glen Campbell, wanda ke riƙe ta a shirinsa na talabijin daga 1969, yana son ya yi yawo a dandamali ba tare da sandar makirufo ta tare shi ba. A 1971 kamfanin ya fito da samfurin da aka binne fiyezo a ƙarƙashin sirdin jakin, daidai inda tsirkiyoyi ke dannawa. A wannan wuri sigina na da ƙarfi, ƙugi ya ragu ƙwarai, kuma cikin 'yan shekaru Ovation ta mamaye dandamali. Takamine na Japan ya biyo da nasa a 1978, Larry Fishman ya kafa kamfaninsa a 1981.

A ganina wannan nasara ja da baya ce da aka yi wa ado. Fiyezon ƙarƙashin sirdi matsin tsirkiya yake ji fiye da numfashin allo, don haka jita mai tsada da ta banza sukan fito kusan iri ɗaya, da wani kaifi a farkon kowane kaɗi wanda makaɗa ke kwatantawa da kukan agwagwa. Amma kunne ɗan sabo ne. Mutanen da suka taso a shekarun 1980 wannan amo suka ɗauka a matsayin muryar jitar katako. Shirin MTV Unplugged, wanda aka fara a 1989 da sunan kiɗa ba jona waya, wayoyi ne shimfiɗe a dandamalinsa; jitar Martin D-18E da Kurt Cobain ya kaɗa a 1993 maganaɗisu gare ta, kuma ta cikin na'urar ƙara sauti ta bi. A 2020 an yi gwanjonta a kan sama da dala miliyan 6.

Tun daga nan maƙera suke lallaɓawa suna komawa ga katakon. Kamfanin K&K yana manna ƙananan faifai uku daga cikin akwatin, a jikin allon da ke tallafe jakin, inda ake samun rabon tsirkiya da rabon katako. L.R. Baggs da wasu suna haɗa fiyezo da ɗan makirufo a ciki, a ba kowanne sashen sautin da ya fi iyawa. Na baya-bayan nan kuwa, irin su Aura na Fishman, lissafi suke yi: a ɗauki jitar da makirufo mai kyau a ɗakin naɗar sauti, a auna bambancinsa da abin da fiyezo ya ji, sannan kwamfuta ta riƙa cike wannan bambanci a kan dandamali, kaɗi bayan kaɗi, kafin sautin ya isa lasifika.