Daga Jirgin Kara Zuwa Alkafura a Sama: Waiwaye a Kan Tarihin Gasar Ƙananan Jirage

Gabatarwa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Gololo, ko a wani gari makamancinsa a ƙasar Katagum, ya san cewa kaka ba ta manya kaɗai ba ce. Da zarar an girbe gero da dawa, an kai amfani rumbu, sai gonaki su koma hannun yara da dabbobi, kara kuwa ya wadata ko'ina. A wannan lokaci ne mukan zauna a gindin darni mu feƙe ɓawon kara, mu yanka totuwa gunduwa-gunduwa, mu harhaɗa mota da keke da tabarau. Wanda hannunsa ya faɗa kuwa jirgin sama yakan yi. Ya sa masa fukafukai da wutsiya, ya soke masa farfela a hanci da ƙayar aduwa, sa'an nan ya sheƙa da gudu yana fuskantar iskar hunturu domin farfelar ta juya. Jirgin ba ya tashi, kuma mun san haka, amma wannan bai hana mu gardama a kan na wane ne ya fi kyau ba, gardamar da sau da yawa takan ƙare da dambe.

A wasu ƙasashe irin wannan wasa bai tsaya a gindin darni ba. Ya girma har ya zama gasa ta duniya, mai dokoki da alƙalai da kundin tarihi, inda za a ga magidanci da furfurarsa ya tsaya a fili da na'ura a hannu, yana sarrafa ƙaramin jirgi da ke alkafura a sama. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda hakan ta faru, da kuma duba abin da ya raba jirgin karanmu da nasu. Ra'ayinmu shi ne, bayan maganar kuɗi wadda kowa ya sani, akwai abubuwa biyu da ba a cika ambata ba, wato rubutu da alƙalanci.

Zuwan Jirgi Ƙasar Hausa

Kalmar jirgi tsohuwa ce a bakin Bahaushe, kuma asalinta na ruwa ne, wato abin da ake fito da shi a gulbi. Da dogo ya iso Kano a 1911 sai aka ara wa sabon abin sunan tsohon, aka ce jirgin ƙasa. Ba a yi shekara goma sha biyar ba aka sake buƙatar wani aron. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila samfurin DH.9A suka sauka a Kano ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, sun biyo ta Sudan da Chadi. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano.

Abin da ya shafi ƙasarmu ta Katagum a nan shi ne, duk wanda ya miƙe hanya a sama tsakanin Kano da Maiduguri sai ya ratsa ta kanmu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, Turawan Ingila sun riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sa'an nan a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Khartum har Masar. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Ke nan kakanninmu sun ga cikin jirgi daga ƙasa tun kafin yawancinsu su ga kwalta. Mu ma da muka zo daga baya haka muka san shi, ɗan ɗigo mai ƙyalli da farin layi a bayansa. Shi ya sa jirgin kara yakan fi kama da gicciye, domin siffar da ido ke gani daga ƙasa ke nan.

Abin Wasan da Ya Riga Jirgi Tashi

Mai karatu zai iya zaton cewa sai da aka ƙera babban jirgi sa'an nan aka kwaikwayi ƙarami don yara. Tarihi ya nuna akasin haka. A watan Agusta na 1871, wani matashin Bafaranshe mai suna Alphonse Pénaud ya kai wani ɗan jirgi lambun Tuileries a birnin Paris, wanda faɗin fukafukansa bai kai rabin mita ba, kuma ba shi da wani inji sai roba da aka murɗa tana juya farfela. Ya sake shi a gaban masana, ya yi tafiyar aƙalla mita 40 cikin daƙiƙa 11. Muhimmancin wannan ɗan jirgi shi ne bai kife ba, domin Pénaud ya gano yadda za a karkata wutsiya da bakin fukafukai jirgi ya daidaita kansa cikin iska.

A 1878 wani limamin Kirista a Amurka, Milton Wright, ya kawo wa 'ya'yansa Wilbur da Orville tsarabar wani abin wasa mai tashi da ƙarfin roba, wanda aka yi bisa fasalin Pénaud. Suka yi ta wasa da shi har ya lalace, suka zauna suka ƙera nasu. Waɗannan yara su ne suka tayar da jirgi mai inji da mutum a ciki a Kitty Hawk ranar 17 ga Disamba, 1903. Tashin farko na wannan rana daƙiƙa 12 ne, tafiyar kuma kimanin mita 37, wato bai ma kai ta ɗan jirgin roba na shekara 32 da suka wuce ba. Abin lura a nan shi ne, mun san tsawon tafiyar abin wasan Pénaud yau saboda akwai waɗanda suka tsaya da agogo da ma'auni, suka ɗauki abin da muhimmanci har suka rubuta.

Alkafura da Ƙa'idojinta

Shekara goma kacal bayan Kitty Hawk aka fara wasa da jirgi. A watan Satumba na 1913 wani hafsan sojan Rasha, Pyotr Nesterov, ya yi cikakkiyar alkafura da jirginsa a Kiev, ya hau sama ya kifa ya zagayo inda ya faro. Ladar da ya fara samu ita ce tsarewa ta kwana goma bisa laifin yin ganganci da kayan gwamnati. Bayan 'yan kwanaki Adolphe Pégoud ya yi irinta a Faransa, daga nan kuma abin ya zama na 'yan kallo.

Masu ƙananan jirage sun daɗe ba su iya bin sahu ba, domin jirgin da aka saki ya tafi ba mai iya juya shi. Sai a ƙarshen shekarun 1930 wasu tagwaye a Amurka, Walter da William Good, suka yi nasarar sarrafa ƙaramin jirgi da rediyo. Da na'urorin suka ƙara ƙanƙancewa, hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a Paris tun 1905, ta shirya gasar duniya ta farko ta alkafurar ƙananan jirage a Dübendorf ta ƙasar Suwizalan a 1960, Ed Kazmirski na Amurka ya zo na ɗaya. A wannan shekara ce kuma aka yi gasar duniya ta farko ta manyan jirage a Bratislava, a ita ce kuma mu muka karɓi mulkin kai. Wannan rukuni na gasa ana kiransa F3A, kuma gwaninsa da ba a mantawa shi ne Hanno Prettner na Ostiriya, wanda ya ci kambin duniya sau bakwai tsakanin 1977 da 1993. An kawo gasar nahiyar Afirka a 1979 da 2013, duka biyun a Afirka ta Kudu.

A 1974 aka sami wani reshe. Aka kafa ƙungiyar IMAC a Amurka, wadda ta ce ba kowane irin ƙaramin jirgi za a shiga gasa da shi ba, sai wanda ya kwaikwayi siffar wani jirgin alkafura na gaske, kamar Extra 300, kuma ya yi irin juyin da babban ke yi. A wannan shekarar aka fara wata gasa mai tsokar lada a Las Vegas wadda ta ɗore har 2002, ita ma daga baya ta koma ga irin waɗannan jirage, ta kuma sa suka yi ta ƙara girma har faɗin fukafukan wasunsu ya kai mita uku.

A nan ne muke so mu ɗan dakata, domin a nan ne ɗalibin adabi zai ga abin da ya sani. Juyin jirgi a sama ba ya barin sawu. Da an yi shi ya wuce, kamar waƙar baka a dandali. To, yaya za a yi a ce wa mutum biyu su yi abu guda, a kuma ce wane ya fi wane? Wani hafsan sojan saman Sifen, José Luis Aresti, shi ya warware wannan matsala da littafin da ya fitar a 1961, wanda FAI ta karɓa a 1964. Ya ba kowane motsi alamarsa a takarda. Ɗigo shi ne mafarin juyi, miƙaƙƙen layi tafiya ce daidai, tsinkakken layi tafiya ce a kife, kibiya mirginawa ce. Kowane juyi kuma yana da lambar da ke nuna wahalarsa. Abin da Aresti ya yi wa sama shi ne abin da Halilu ɗan Ahmadu ya yi wa waƙar Larabci da ya fitar da ilmin aruli: mawaƙa sun riga shi, amma shi ya sa aka iya nuna inda ƙafa ta karye.

Alƙalan gasa sukan zauna a bayan matuƙi, kowane juyi ya fara da maki goma, a yi ta ragewa. A F3A, karkacewar digiri 15 daga layin da ya kamata tana cin maki ɗaya. Alkafura dole ta fito da'ira sosai, ko da iska na turawa, ba mai kama da ƙwai ba. Sa'an nan a ninka makin da lambar wahala. A gasar IMAC akwai jerin juye-juyen da aka sani tun farkon shekara, kowa ya yi ta bita, akwai kuma wanda ba a ba matuƙi sai gab da gasa, ba shi da damar gwadawa, sai dai ya karanta a takarda ya haddace. Wanda ya taɓa ganin bambanci tsakanin makaɗin da ya zo da shiryayyar waƙa da wanda aka jefa wa suna a tsakiyar fage zai gane hikimar wannan tsari.

Mu Koma Gida

Ba za a ce ƙasar nan ta rasa sha'awar sama ba. An kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya a 1964. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaron Bahaushe sararin samaniya a daidai shekarar da ɗan Adam ya taka wata. An harhaɗa ƙaramin jirgin horar da sojan sama mai suna Air Beetle a Kaduna, wanda asalin fasalinsa na wani jirgin Amurka ne da masu sha'awa ke saye su haɗa da kansu a gida. A 2007 jaridun duniya suka ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya ƙera jirgi mai saukar ungulu daga tarkacen mota da babur, ya kuma ɗaga shi 'yan ƙafafu daga ƙasa. Sojan sama sun nuna nasu jirage marasa matuƙi a Kaduna, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Mun yaba wa wanda ya raɗa waɗannan sunaye, domin ya san aikin ɗan leƙen asiri, ya kuma san Hausa.

Sai dai idan aka dubi waɗannan abubuwa za a ga kowanne tsaye yake shi kaɗai. Tsakanin yaron da ke soka ƙaya a totuwa da injiniyan da ke Kaduna babu matakala. Kusan kowace shekara sai an ga hoton wani matashi a wani gari na Arewa da jirgin da ya haɗa da soso da gwangwani da injin tsohuwar rediyo, a taru a yi mamaki, wani mai hali ya yi masa kyauta, shi ke nan. Na bayansa kuma sai ya faro daga inda wancan ya faro, ba daga inda ya tsaya ba, domin ba wanda ya auna nauyin jirgin, ko tsawon fiffikensa, ko daƙiƙa nawa ya yi a sama. Yabon da ba ma'auni a cikinsa daɗi gare shi, amma ba ya nuna wa yaro inda zai gyara.

Abin ya fi ba mu takaici idan muka tuna cewa alƙalancin gwaninta ba baƙonmu ba ne. Muna da shi a kokawa da dambe, muna da shi a sukuwar dawaki. Mafi kusa kuma ita ce musabaƙar karatun Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a matakin ƙasa a 1986, inda alƙalai ke zaune da takarda suna rage maki a kan kowane kuskure na hadda ko na tajwidi, kuma yaro na iya tasowa daga ƙaramar hukuma kamar Gamawa ya bi mataki-mataki har ya kai ƙasa mai tsarki. Duk wanda ya ga yadda wannan gasa ta gyara karatun yara a garuruwanmu ya san abin da tsani da ma'auni ke iya yi.

Zamani kuma ya ƙara wani shinge. Ƙaramin jirgin da ake sarrafawa daga nesa ya zama kayan yaƙi da leƙen asiri, saboda haka a watan Mayu na 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya ta hana tayar da jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ba mu ga laifin hukuma ba, ganin halin da Arewa ta shiga. A ƙasashen da gasar ta kafu, ƙungiyoyi ne ke da filayen da aka amince da su, su yi wa membobinsu rajista, su tsaya musu a gaban hukuma. Yaron da ke shi kaɗai ba shi da mai tsaya masa, kuma idan jirginsa ya tashi da gaske, mai yiwuwa wanda zai fara zuwa kallo ɗan sanda ne.

Da muka je gida a kakar bara mun tarar ana yin jirgin kara har yanzu, ko da yake masu yin sun ragu. Siffarsa ma ta sauya. Wani yaro ya nuna mana nasa mai farfela huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, irin wanda ya gani a waya ana ɗaukar hoton biki da shi. Muka tambaye shi ko ya taɓa gwada sa masa roba. Ya ce ya gwada, totuwar ce ba ta jure murɗi, tana karyewa a tsakiya, amma yana tunanin ƙyauro zai fi.