Daga Kukan Modem Zuwa Farantin Kan Dutse

Duk wanda ya tashi da rediyon gajeren zango a kunne ya san mita 19 da mita 25 kamar sunayen 'yan gidansu. Mu 'yan rediyon sha'awa, masu zana jarrabawa su karɓi lasisi da lambar kira don su yi magana da juna ba don neman kuɗi ba, muna da namu filayen a wannan sarari. Wasu daga cikinsu ba a auna su da mita sai da santimita: 23, 13, 9, 5, har 3. Su ne zangunan maikirowef. Da na shigo harkar a 1987, ina ɗalibi a arewacin Kalifoniya, waɗannan filaye suna nan kamar gonar gado da magada suka watse suka bari. Faɗi kam akwai shi, manoma ne babu.

Kowa a lokacin yana kan mita 2, a megahaz 145.01, yana sauraron kukan modem. Wanda bai taɓa jin wannan kuka ba, ya ƙaddara an taka wutsiyar kyanwa a cikin gwangwani. Haka kwamfuta ke magana da 'yar'uwarta ta iska, bit 1200 a daƙiƙa. Abin ya faro ne daga Kanada a 1978, a Montiriyal da Bankuba, ya tsallako Amurka bayan hukumar sadarwa ta FCC ta sassauta doka a 1980. Wata ƙungiya a Tusan ta jihar Arizona, TAPR, ta fitar da akwatin TNC-2 a 1985, kamfanoni suka yi ta kwaikwayonsa har ya shiga ɗakin kowa. Nawa na saye shi ne a hannun wani dattijo, tsohon ma'aikacin tarho, wanda ya zama malamina. A harkarmu irin wannan malami da ke jan yaro a jiki ana ce masa Elma.

Bit 1200 ɗin ma a takarda ne. A lissafi, fayil mai megabait ɗaya zai ci kusan awa biyu. A zahiri sai ka kunna da daddare ka je ka kwanta, da asuba ka tarar ya tsinke a tsakiya. Na yi ta zargin eriyata, har Elma ya zana mini abin a bayan ambulan. Tasha biyu a kwari biyu, dutse a tsakaninsu, a kan dutsen ga na'ura mai maimaita saƙo. Kowacce tana saurare ta ji shiru, saboda ba ta jin ɗayar, sai su yi magana a tare, na'urar kan dutse ta ji hayaniya kawai. Kowacce ta sake, su sake karo. Ya ce, "Ɗana, eriyarka lafiyarta lau. Kurame ne suke layi a gaban alƙali ɗaya."

Wannan ciwo shi Phil Karn, mai lambar KA9Q, ya rubuta wa magani a 1990: kafin ka zuba kaya, ka fara aika ɗan gajeren neman izini, mai karɓa ya amsa da ƙarfi yadda duk na kusa da shi za su ji su yi shiru. Dabarar ta gangaro har cikin ƙa'idar Wi-Fi da ke wayarka yau. Karn ɗin ne kuma tun 1985 ya rubuta manhajar da ta koya wa ƙananan kwamfutocinmu yaren intanet, lokacin da mutanen gari ba su ma ji sunan intanet ba. Adireshin da muke amfani da su kuwa wani Hank Magnuski ne ya roƙo mana su a 1981, aka ba shi duk adireshin da ya fara da lamba 44, sama da miliyan 16, kyauta, kamar wanda aka yanka wa daji. Zan dawo kan wannan daji.

Masu neman sauri sun fara da matse abin da ke hannu. James Miller a Ingila ya fitar da modem mai 9600 a 1988. Dale Heatherington, wanda da shi aka kafa kamfanin modem na Hayes, ya riga ya ƙera mai 56,000 a 1987. Ba a banza ya tsaya a wannan lamba ba, iyakar da dokar Amurka ta yanka ke nan a santimita 70. A mita 2 iyakar ba ta ma kai 20,000 ba, ga shi duk faɗin filin megahaz 4 ne, kowa da kowa a ciki. A santimita 3 kuwa faɗin megahaz 500 ne, babu irin wannan takunkumi. Ko makaho ya san inda hanya ta nufa.

A Disamba 1989 mujallar Ham Radio ta buga aikin Glenn Elmore da Kevin Rowett, 'yan yankinmu: hanyar bayanai a gigahaz 10 mai ɗaukar bit miliyan ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa. Zuciyar na'urar wani ɗan ƙarfe ne mai rami da ake sakawa a ƙofofin kantuna masu buɗe kansu, da kuma bindigar auna gudun mota ta 'yan sanda. Ƙarfinsa 'yan miliwat ne, bai kai na fitilar maɓallin talabijin ba, sai dai in ka ɗora shi a tsakiyar faranti ya tattara wannan ɗan ƙarfi wuri guda kamar tocila. Ni da Elma mun haɗa biyu a garejinsa. Har yau ina jin ƙaurin dalma da sanyin simintin nan. Abin da mujalla ba ta nuna maka sai ka gani da idonka shi ne ɗan ƙarfen yana da zuciya irin ta jaki: rana ta buga shi ya zame gefe, sanyi ya sauko ya zame ɗaya gefen, kana binsa da sukundireba. Da muka samu ya tsaya, sai muka ga ba mu da abin ɗura masa. Kwamfutocinmu ba sa iya fitar da bayanai da wannan sauri ta ƙofar bayansu. Mun haƙa kogi, ruwanmu na buta ne.

Waɗanda suka yi abin har ƙarshe ba a Amurka suke ba. A Sulobeniya, ƙaramar ƙasa mai duwatsu, Matjaž Vidmar, mai lambar S53MV, ya zana komai da kansa: rediyon, kwamfutar mahaɗa, da manhajarta. A tsakiyar shekarun 1990 'yan ƙasarsa suna harba bit miliyan 1.2 a daƙiƙa daga tsauni zuwa tsauni a santimita 13 da 23, da kayan da suka liƙa da hannunsu. A ganina nan ne ƙololuwar zamanin ƙira da hannu, kuma ba a ba su yabon da ya kamace su ba, wataƙila don yawancin abin da suka rubuta da harshensu ne.

Sai intanet ta shigo gidaje ta wayar tarho, kasuwarmu ta watse. Allunan saƙonni da dā sai ka yi layi suka koma kufai. Abin da ya tsira a 1200 sai tsarin APRS na Bob Bruninga, mai nuna inda mota take a taswira, shi ma don saƙonsa bai wuce layi ɗaya ba.

Ceton ya zo ta ƙofar da muka raina. A 1999 aka fitar da ƙa'idar Wi-Fi mai bit miliyan 11, a gigahaz 2.4. Aka duba aka ga tashoshinta na 1 zuwa na 6 a cikin filinmu na santimita 13 suka faɗo. Ma'ana, mai lasisi zai iya sayen katin kanti, ya ɗaura masa babbar eriya da ƙarin ƙarfi, abin da doka ta hana maƙwabcinsa. Ƙungiyarmu ta ƙasa, ARRL, ta kafa kwamiti a 2001 wanda John Champa ya jagoranta don a bi wannan hanya. An sha cacar baki. Dattawa suka ce wannan ba rediyo ba ne, cefane ne. Elma ya juya katin a tafin hannunsa ya ce bai ga inda zai sa bakin ƙarfen dalmarsa ba, ya miƙo mini. Ban ga laifinsa ba. Shekara goma muna fama, ga wani abu kamar kwalin ashana ya ninka mu sau biyar a farashin cin abincin dare.

A ƙarshen 2002 Linksys ya fitar da WRT54G, shuɗin akwatin nan mai ƙaho biyu. Aka gano Linux ne a cikinsa, lasisin Linux kuma ya wajabta a saki asalin manhajar, aka matsa har aka sake ta a 2003. Daga nan manhajar OpenWrt ta fito a 2004. Wasu 'yan uwanmu a Ostin ta jihar Tekzas suka ɗora nasu gini a kai, wanda daga baya aka sani da Broadband-Hamnet. Ka zuba manhajar, ka raɗa wa akwatin suna da lambar kiranka, ka kunna. Da kansa zai nemi 'yan'uwansa, su shirya wa zai miƙa wa wa, kamar saƙar taru. Ran da na fara ganin lambar wani da ban sani ba ta bayyana a allona, na yi ihu ni kaɗai a ɗaki.

Murnar ba ta daɗe ba, domin kowane gida a unguwa ya sayi irin akwatin, tashar ta koma kasuwar Kurmi ranar jajibere. Mafitar ita ce kayan Ubiquiti, waɗanda aka yi su don zama a waje, kuma ƙwaƙwalwarsu tana yarda a ja ta gefe. Rukunin da ya ɓalle daga Broadband-Hamnet ya kafa AREDN a 2015 ya buɗe tashoshin da babu su a kanti, har da wadda muke kira "ban da biyu", a megahaz 2397, ƙasa da inda akwatunan maƙwabta ke iya sauka. Mun ƙaura can muka ji shiru kamar an ɗauke ruwan sama.

Turai ba ta bi saƙar taru ba. A Ostiriya da Jamus da maƙwabtansu, HAMNET ta tafi kamar aikin kamfani: faranti yana kallon faranti, akasari a gigahaz 5.7, kayan Mikrotik, kowane yanki da rabonsa na adireshi, hanya kuma ana zaɓenta da BGP, yadda manyan kamfanonin intanet ke yi. Mutanen Siyatil ma da HamWAN ɗinsu sun tsara nasu kamar turakun wayar salula. Na daɗe ina ɓangaren taru, don ya fi sauƙin jawo sabon shiga. Amma na ga ranar da aka haɗa tarun garuruwa da yawa ta ramukan intanet, akwatuna suka shagala da gaya wa juna labarin hanya har babu sararin wuce kaya. Jamusawa sun fi mu gaskiya a nan, ko da yake ba na faɗa a taro.

Duk wannan tarihin akwati ne. Aikin kansa a kan dutse yake. Maikirowef ba ya kwana, ba ya ratsa tudu, kuma ganin juna da ido kaɗai bai isa ba. Igiyar tana buƙatar sarari kewaye da layin, mai siffar goriba doguwa. A tazarar kilomita 30 a gigahaz 5.8, cikin goribar ya kai mita 20 daga layi zuwa gefe, ga doron ƙasa ya taso wajen mita 13 a tsakiya. Na taɓa yin wuni a saman hasumiya, igiya a ƙugu, sifana a hannu, abokina a can ƙetaren kwari yana karanto mini lamba ta rediyon hannu. Farantin faɗin ganinsa bai fi digiri biyar ba. "Hagu kaɗan. Ka wuce. Dawo. Tsaya nan, kar ka yi numfashi!" Lambar ta sauko daga 88 zuwa 67, a nan ƙarama ita ce mai kyau, na ɗaure noti, ɗaurin ya ja farantin, muka koma farko. Hanyar ta yi shekara biyu lafiya, sannan ta fara tsinkewa duk ranar ruwa. Mun canza waya, mun canza rediyo. Ashe wani layin itacen turare ne a wani tudu a tsakiya ya ƙara tsawo, in ganyen ya jiƙe sai ya shanye mu. Mai gonar ya ƙi a taɓa masa ko reshe. Wata takwas muka yi muna neman wanda zai ara mana wani rufin.

Shi ya sa idan na zo gida Kano na ga fararen farantan nan a kan dogayen ƙarafa bisa bankuna da shagunan intanet, nakan tsaya in ɗaga kai. Kayan iri ɗaya ne da namu, zangon ma kusan ɗaya, kuma yaran da ke hawa su saita su sun san abin da muka sani, lasisin sha'awar ne kawai ba su da shi.

Dajin Magnuski kuwa, a 2019 gidauniyar ARDC da ke riƙe da shi ta sayar wa Amazon kashi ɗaya cikin huɗu, adireshi miliyan huɗu da 'yan kai, a kan dala miliyan 108. An yi ta ƙorafin ba a shawarci kowa ba, kuma ƙorafin yana da tushe. Brian Kantor, wanda ya yi shekaru yana kula da adireshin, ya rasu a Nuwamban shekarar. Kuɗin yanzu su ake rabawa tallafi, har da na gina irin waɗannan hanyoyi. Ta ɗaya hannun kuma an yanke mana gona: a Afrilu 2022 aka tashe mu daga tsakanin gigahaz 3.45 da 3.5, bayan an yi gwanjon yankin ga kamfanonin 5G a kan fiye da dala biliyan 22. Farantai masu kyau sun sauko daga hasumiyoyi a wannan bazarar.

Tsohuwar matsalar garejin Elma ba ta bar mu ba, kama kawai ta sake. Doka ta hana mu kasuwanci, ta hana mu kulle saƙo don ɓoye ma'anarsa, alhali kusan duk intanet ta yau a kulle take tafiya. Asibitin da muke yi wa alkawarin taimako ranar girgizar ƙasa ba zai aika sunan majinyaci a fili ba. Saura sai kamarori masu gadin gobarar daji, da wasiƙun Winlink, da haɗa na'urorin maimaita murya, da tarhon tebur mai gajeriyar lamba.

Nawa tarhon yana nan kusa da tsohon TNC-2 ɗin. Ya yi ƙara daren Talatar da ta wuce, abokin nan nawa ne na ƙetaren kwari, muryarsa tar kamar yana bakin ƙofa. Ya ce in buɗe kamarar kan dutse. Wani shaho ne ya fara tara kirare a bayan farantin, daidai kan wayar. Mun yi shawara mu bar shi har 'ya'yan su tashi, in hanyar ta mutu kafin nan mu koma 145.01.