Wuri, Dala da Anini: Tarihin da ke Kwance Cikin Gwangwanin Kaka

Ƴan uwa ɗalibai, kowa cikinmu ya san dala. Da ita muke lissafi a kasuwar Maraɗi da ta Damagaram: dala biyar, dala ashirin, dala ɗari biyu ta tashi jikka guda. Amma tambayi ɗan lakwal me ya sa ake kiran tamma biyar dala, da wuya ya ba ka amsa. Haka muke cewa "ko anini ba ni da shi", alhali galibinmu ba mu taɓa riƙe anini a hannu ba. Sunayen sun tsira a bakinmu, su kuwa kuɗin suna ta ɓacewa. Wasu maƙera sun narke, wasu dillalan kayan tarihi sun kwashe, sauran suna can cikin gwangwanin tsofaffi tsatsa na cin su.

Tun kafin dala

A shekarar 1353 matafiyin nan na Maroko, Ibn Batuta, ya sauka Takadda. Masu bincike da yawa sun tafi a kan cewa ita ce kufan Azelik, can wajen Ingal, cikin jihar Agadas. Ya tarar mutanen garin suna narka jan ƙarfe, suna yin shi sanduna ƙanana, su ne kuɗinsu. Masu kauri ana ba da 400 a kan miskalin zinariya guda, sirara kuwa 600 zuwa 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen hatsi da mai, har da bayi. Ya kuma ambaci cewa ana kai jan ƙarfen nan Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana ke karantawa Gobir. Ka ga ke nan, shekaru kusan 700 baya akwai hanyar ciniki tsakanin Abzin da ƙasar Hausa, kuma akwai farashi tsayayye da mutane suka yarda da shi.

Can yamma da mu, a Tadmakka, wato Esuk ta ƙasar Mali a yau, al-Bakri ya rubuta a 1068 cewa suna da dinari na zinariya tsantsa wanda ake kira "mai sanƙo", don ba a buga masa hatimi ko rubutu ba. An daɗe ana ɗaukar maganar kamar labarin matafiya. Sai a tonon da Sam Nixon ya yi a wurin a 2005 aka samu gutsattsarin yumɓu masu ramuka, irin waɗanda ake zuba narkakkiyar zinariya, har da ɗigon zinariya maƙale a jikinsu. Abin lura a nan: da wani ya tsinci gutsattsarin nan ya kai kasuwa, da ba su fi tsingaro daraja ba. Sanin ramin da suka fito da zurfin da aka same su, shi ya sa suka zama shaida.

Zamanin wuri

Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Wurin nan ba a tafkin Cadi ko kogin Isa yake fitowa ba. Daga tsibiran Maldib yake, cikin tekun Indiya, ya biyo ayarin Sahara, daga baya ya biyo jiragen Turawa zuwa bakin teku. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya biyo ta Tasawa a farkon 1851, ya ga ƴan kasuwa sun duƙufa suna ƙirga wuri 500,000 da hannu, biyar-biyar, suna tara shi tsibi-tsibi. A Kano ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Mu yi lissafi: keso guda wuri 20,000 ne, wato dala 8. Tulin nan na Tasawa keso 25 ke nan, dala 200 cif. Abin da mutum ɗaya zai ɗaure a lalita in azurfa ce, sai an nemo dabbobin ɗaukar kaya in wuri ne.

Daga tsakiyar ƙarni na 19 ƴan kasuwar Hambug suka shiga jibgo wani wuri mai arha daga Zanzibar. Ya yi yawa, darajarsa ta yi ta faɗuwa. Da Turawan mulki suka zo, suka matsa a biya lanho da kuɗinsu, sai wuri ya koma adon ƙwarya da gashin ƴan mata da kayan ƴan bori.

Dala da ƴan uwanta

Dalar asali azurfa ce mai nauyin kusan giram 28. Gefe guda hoton Mariya Tereza, sarauniyar Otirish, ɗaya gefen mikiya mai kai biyu. A bakin Jamusawa sunanta "tala", daga tushen nan "dola" ta Amurka ta fito, daga nan tamu dalar ta fito. Da Faransawa suka kawo babbar azurfarsu ta tamma biyar, sai sunan ya koma kanta, ya zauna har yau.

Ga wani abu da duk mai tara tsofaffin kuɗi ya kamata ya sani. In ka samu dalar nan za ka ga 1780 a jikinta. Kada ka yi saurin murna. Shekarar da sarauniyar ta rasu ke nan, kuma an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ɗaya har bayan ƙarni biyu, a Biyana, da Landan, da Paris, da Rum, da Bombai, saboda ƴan kasuwar Afirka da na Larabawa ba su yarda da wadda aka sauya mata kama. Dala da yawa sun ƙare a maƙerar Buzaye, sun zama zobe da warwaro da giciyen Agadas.

Anini kuwa daga kudu ya hauro mana. Ingilishi sun fara buga shi a 1907, goma ke yin kwabo, da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci. Na farkon da alminiyam aka yi shi, bai jure ba, aka sauya ƙarfen tun 1908. A ɓangarenmu an kafa kuɗin sefa ran 26 ga Disamba 1945, kuma tamma ɗaya da tamma biyu na 1948 masu kan barewa har yanzu ana tsintar su cikin gidaje. Hatta kifin nan da ke jikin kuɗinmu na yanzu tarihi ne: siffar ma'aunin zinariya ce na mutanen Akan.

Yadda ake adana su

To, a ce ka samu irin waɗannan a gida. Abu na farko, don Allah kada ka wanke. Mun saba mu ga ƙarfe ya dushe mu ɗauko toka, ko tsamiya, ko lemun tsami mu goge har ya yi walƙiya. A tsohon kuɗi wannan ɓarna ce. Duhun da ya hau kansa a hankali kamar fata yake, yana kare shi, kuma gugar toka na cinye rubutu. Wuri ma tsami narkar da shi yake. Ƙura kawai za ka share da tsumma mai laushi, busasshe.

Sai dai akwai kore iri biyu a jan ƙarfe da tagulla. Mai duhu mai santsi, wanda ya kama jiki, ba shi da lahani. Mai haske wanda ke zuba kamar gari, wannan cuta ce: gishiri ne da laima suka haɗu suna cin ƙarfen daga ciki. In ka ga haka, ware shi daga sauran, ka sa shi wuri busasshe, ka nemi ma'aikatan gidan tarihi.

Ka riƙa kama kuɗi ta gefe, da hannu wankakke, don zufa gishiri ce. Kada a zuba su gwangwani guda suna gogar juna, musamman ƙarfe daban-daban. Kowane a naɗe shi cikin farar takarda tsaftatacciya wadda ba tawada, ba jarida ba. A guji roba mai ɗaure kuɗi, tana baƙanta azurfa. A guji leda mai taushi mai wari, da zafinmu takan yi gumi ta bar kore mai danƙo. Lokacin rani ƙasarmu na taimakon mu da bushewa, damina ce abin tsoro. A sa su cikin kwalba ko akwati mai rufewa gam, a jefa ƴan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin takalmi, a ɗaga daga ƙasa da jikin bango mai jiƙa.

Sannan a samu kaye guda. Kowane kuɗi a ba shi lamba, a rubuta wa ya ba da shi, ina ya same shi, me tsohuwa ta ce game da shi, a ɗauki hoton fuska biyu da salula. Darasin Tadmakka ke nan.

Baje koli

Ba sai mun jira Gidan Tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, ya yi mana komai ba. Ƙungiyar ɗalibai na iya haɗa ƙaramin akwati mai gilashi da kwaɗo a ɗakin karatu. A shimfiɗa farin ƙyallen auduga, a jera bisa zamani: wuri, dala, anini, tamma. Kada a manna da gam, kada a huda. A sa ƙaramin madubi ta baya don a ga ɗaya fuskar, a rubuta bayani da Hausa da Faransanci, har da abin da kuɗin ke saye a lokacinsa in an samu dattijon da ya tuna.

Kashedi ɗaya: abin da ke cikin gida daban, abin da ke cikin kufai daban. Mun ga yadda aka yi wa kufan Bura wasoso bayan tonon Bube Gado na 1983, kayan suka watsu kasuwannin Turai. Dokar 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihin ƙasa, tono ba izini laifi ne. Wanda ya tsinci wani abu a gona ya lura da wurin, ya sanar da hukuma.

Hutu na zuwa, da yawanmu za mu koma ƙauye. Kowa ya zauna da kakarsa, ya roƙe ta ta buɗe gwangwanin nan, ya tafi da kaye da bik. In ta ce ba ta bayarwa, a bar mata kayanta, a rubuta labarin, a ɗauki hoto, a kawo mu haɗa a fitowa ta gaba. Allah ya kai mu lafiya.