Daga Fuska Zuwa Zuciya: Nazarin Salon Laurence Olivier a Othello da Khartoum

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rawa biyu da Laurence Olivier ya taka a tsakiyar shekarun 1960, Othello da Mahadin Sudan, domin auna dabarar da aka san shi da ita: gina mutum daga kamanninsa kafin a kai ga halinsa. Ra'ayin maƙalar shi ne dabarar ta yi tasiri inda Olivier ya san mutanen da yake kwaikwayo, ta kuma gaza inda bai san su ba.

Tushen Dabarar

An haifi Olivier a Dorking ta ƙasar Ingila ranar 22 ga Mayu, 1907, ɗan wani limamin cocin Angilika. Ya koyi sana'a a hannun Elsie Fogerty, ya goge a gidan wasan Birmingham, sannan a 1935 shi da John Gielgud suka riƙa musayar matsayin Romeo da Mercutio a Landan. Tun a nan bambancinsu ya fito: Gielgud da zaƙin murya yake riƙe 'yan kallo, Olivier da jiki. Kafin ya nutsa cikin kalaman wasa sai ya sami takun mutumin, da amon muryarsa, sau da yawa har da hancin da zai liƙa. Richard na Uku na 1944 da haka aka gina shi, kuma ya karɓu, domin sarakunan Ingila da 'yan fadarsu ba baƙinsa ba ne.

Othello

A 1964, shekara guda bayan buɗe Gidan Wasan Ƙasa na Birtaniya da ya zama shugabansa na farko, ya hau dandamali a matsayin Othello bisa umarnin John Dexter. Ya horar da muryarsa ta yi kauri, ya sauya taku, ya shafe jikinsa da baƙin fenti. Landan ta yaba. Da aka mayar da wasan fim a 1965, tare da Maggie Smith da Frank Finlay, sai kyamara ta tona abin da nisan dandamali ya rufe: fentin ake gani kafin mutumin. Bosley Crowther na jaridar New York Times ya danganta shigar da tsohon wasan ba'a na Amurka, inda Turawa ke baƙanta fuska. Ba kuma za a ce babu madadi ba, tunda Ira Aldridge ya yi Othello a Covent Garden tun 1833, Paul Robeson kuma a Landan a 1930 da Stratford a 1959.

Mahadi

Lamarin Khartoum na 1966, fim ɗin Basil Dearden, ya fi nauyi, domin Mahadin, Muhammadu Ahmad, ba ƙagaggen mutum ba ne. Malami ne na ɗariƙar Sammaniyya wanda ya bayyana da'awarsa a tsibirin Aba a 1881, amonta ya iso har ƙasar Hausa, inda Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa. Fim ɗin ya zaunar da shi gaba da gaba da Janar Gordon, Baturen da ke tsare birnin Khartoum, wanda Charlton Heston ya fito a matsayinsa, alhali a tarihi wasiƙu kawai suka yi musaya har faɗuwar birnin ranar 26 ga Janairu, 1885.

Ƙirƙirar haɗuwar ba laifi ba ce a wasan kwaikwayo. Matsalar tana ga kayan da Olivier ya zo da su: kusan muryar Othello ce da fentinsa ya sake ɗaukowa, ya ƙara da zare ido da jan harafi. Othello, sojan haya na Banis, da Mahadi, shehin ɗariƙa na bakin Nilu, ba su haɗa komai ba, in ban da yadda idon Bature na zamanin ke kallonsu. A nan dabarar ta rasa ginshiƙinta, wato lura da rayayyen mutum, sai ta jingina da hoton da aka gada daga littattafan zamanin mulkin mallaka.

Olivier ya rasu ranar 11 ga Yuli, 1989. A shekarar ce Willard White ya yi Othello a Stratford, amma gidan wasan da Olivier ya shugabanta bai ba baƙar fata wannan matsayi ba sai 1997, lokacin da David Harewood ya hau.